Dakuwar da Aka Ce ta Fir'auna Ce

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Inna Asabe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo miki da labarin sana'arki, don bana saura ƙiris ta mutu a hannuna.

Dakuwar aya kika bar mini, kuma da ita nake rufa wa kaina da yaran nan asiri tun da mai gidan ya tafi Kano neman aiki, aike kuwa sai an dace. To Inna, shekarun da suka biyo bayanki ba su zo da sauƙi ba. Sukari ya yi tashin gwauron zabo. In na saya na zuba yadda kike zubawa, ko uwar kuɗi ba ta dawowa. Da na rage, masu saye suka ce na fara ha'inci. Sai na kife turmi. Ran da na kife shi na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Autanki Nasiru, wanda yanzu yake koyarwa a firamare a Tsanyawa, shi ya kawo maganar. Kin san shi da bin diddigin abin da bai shafe shi ba. Wai ya karanta a waya cewa mutanen Misira na can da, tun zamanin fir'aunoni, suna niƙa aya su kwaɓa da zuma, har sun zana yadda ake yi a bangon kabarin wani babbansu. Na yi dariya na ce ashe dakuwa ta riga mu fita waje. Amma maganar ta zauna mini, domin ƙaninki Kawu Sale har yanzu yana ɗaura amya a ɗorawar gonarsa, kuma bai taɓa hana ni zuma ba.

Na ɗauko aya na tsince tsakuwa, na wanke, na shanya, na soya sama-sama a kasko ina jin muryarki a kunnena: “Aya ba a juya mata baya a wuta.” Na daka, na tankaɗe. Kwaɓin farko na cika zuma, ya kama mini hannu kamar ƙaro, yara suka lashe abinsu suna murna da asarata. Na biyu na rage, na ɗan ɗora a wuta da man shanu kaɗan, na mulmula su da tsini kamar jinkar ɗaki, yadda Nasiru ya ce mutanen can suke yi. Inna, da kin ji ƙamshin. Ga laushi, ba sai an sa haƙori ba.

Amma baki shi ke yanka wuya. Autan naki ya je wurin mai shayi yana baza labari, wai Yayarsa tana yin abincin da Fir'auna yake ci. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, duk ƙauye ya ɗauka: dakuwar Fir'auna. Malam Audu mai tebur, wanda tun zamaninki yake sarin dakuwar gidanmu, ya maido mini da faranti ko ɗaya bai taɓa ba. Daga zaure ya ce, “Ki yi haƙuri Hauwa, mutane sun ce ba za su ci abincin wanda ruwa ya ci ba.” Matan da ke shigowa saye suka ɗauke ƙafa. Wata ma ta hana 'ya'yanta shan ruwa a randarmu. Na ji haushin Nasiru ƙwarai, da a ce yana yaro, da ya sha ludayi.

Aminiyarki Goggo Laraba ce ta fitar da ni. Kin san bakinta, tsufa bai rage masa kaifi ba. An yi suna a maƙwabta, ta aiko in kawo farantin nan, na kai ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsakar gida cike da mata, ta yi bisimilla da ƙarfi ta sa ɗaya a baki, sannan ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

“Fir'auna ai ruwa ma yake sha, sai ku daina sha mu gani. Annabi Musa a gidan wa ya girma, ko da azumi ya tashi? Ayar gonarmu ce, zumar Sale ce, ku bar shirme.”

Wata ta tuntsire da dariya, sai hannuwa suka fara miƙowa. Kafin a raba tuwon suna faranti ya koma wayam. Da sassafe sai ga sallamar Malam Audu a zaure, yana tambaya ko akwai saura, kai ka ce ba shi ba.

Yanzu turmi ya tashi, Inna. Ba arziki na yi ba, amma tukunya tana hawa murhu, kuma Kawu Sale ya ce zai ƙara amya kafin ɗorawa ta yi fure. Tsofaffi su suka fi saye, har daga Ɗambatta wani ya aiko a kai wa babarsa.

Nan ne abin yake taɓa ni. Na tuna shekarunki na ƙarshe, da haƙoranki suka zube, kina daka dakuwa kina sayarwa amma ba ki iya ci, sai dai ki sansana ki ce, “Ta yi.” Wannan da kin iya cinta, Inna. Da ni zan sa miki a baki.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga ƙoramar zuma a Aljanna. Ya sa mu cika da kyau da imani, mu same ki a can. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Hauwa.