Wayar Kamfaninka Tana Hannuna

Assalamu alaikum, yaron nan.

Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Abin da ke cikinta ne ba zan iya faɗa wa mai rai ba.

Gida lafiya. Ruwa ya janye daga fadama, an fara yankan shinkafa. Matarka Rabi tana takaba, yara suna wuni a wurina. Ƙaninka Sani ya ci gaba da haɗa kwamfutoci a shago, amma ka san shi da ƙin magana. Shi ya sa wayar da masu saye ke kira idan abu ya lalace ta dawo hannuna. Ni da na sha yi maka faɗa a kanta, ina cewa mutumin kirki ba ya barin tuwo ya huce don wani ya manta inda ake kunna abu.

Sunanka ka sa wa kamfanin. Sani ya ce duk wanda ya kira in fara da sunan, yadda kake yi. Ta yaya? Tun ranar da aka raɗa maka shi ban taɓa kama shi ba. Haka aka rene mu, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Sai in ce ina ji kawai, wasu su zaci sun yi ɓatan lamba su kashe.

Su kuwa sunanka ba ya yi musu nauyi. Wata mai ɗinki daga Jahun ta ce ka yi ta maimaita mata yadda ake adana hotuna, ba ka taɓa yin tsaki ba. Wani ya ce an yi masa tayin sabuwar kwamfuta daga Kano ya ƙi, don in ta tsaya wa zai kira? Ina saurarensu kamar labarin ɗan wata ake ba ni.

Akwai Malam Haruna, tsohon malamin firamare a Kafin Hausa, cikin waɗanda suka fara saye a wurinka. Ya kira ya ce jikarsa ta zubar da kunu a kan maɓallan kwamfutar. Na yi masa wa'azi. Na ce gidan da ba a kwaɓar yara haka kaya ke ƙarewa. Dattijon da ya girme ni. Ya ba ni haƙuri, bai sake kira ba. Har yanzu ina ganin yarinyar tana buƙatar kwaɓa, amma wa ya tambaye ni? Sani ya ce kai ba ka tambayar wa ya yi, sai dai me ya faru. A ina ka koyi haka? Ba a ɗakina ba.

Idan irin su Malam Haruna suka watse, babu kamfani, kuma da shi yaranka za su ci. Kai ka tara mutanen nan da haƙuri, ni ina korar su da baki.

Jiya na kira Malam Haruna da wayata. Ya tambaye ni wace ce. Sai na faɗi sunanka cikakke, na ce ni ce uwarka, na roƙe shi gafara. Ya ce zai kawo kwamfutar da kansa. Da na ajiye, na rufe fuskata da mayafi, alhali ba kowa a ɗakin.

Suna ne mai daɗi a baki. Ban sani ba sai jiya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Sai mun zo.

Innar Sani, kamar yadda ake kira na,
ko da yake kai na fara haifa.