Kwalbar da Ba Ta Yi Kumfa Ba

Alkalawa, Jimeta, 3 ga Agusta, 1971

Malam Zadok,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan iyali suna lafiya. Ɗalibinka Haladu ne, na ɗakin gwaji a asibiti. Matata Aminatu ta haihu, amma maruru ya fito mata a nono, zazzaɓi ya ƙi sauka. Na shuka mugunyar a faranti, ƙwayoyin cuta suka tsiro. Na ɗiga musu ruwan haidurojin yadda ka koya mana, tunda wasu na fitar da sinadarin da ke sa shi kumfa, wasu ba sa fitarwa. Bai yi kumfa ba, sai na ce wa likita irin da fenisilin ke kashewa ne. Kwana shida ana yi mata allura, sai ƙara ramewa take. Me na manta, Malam?

Naka,
Haladu

Maiduguri, 9 ga Agusta

Haladu ɗana,

Sannu da jinya. Yaushe aka buɗe kwalbar haidurojin ɗin? Zafin Yola na mayar da shi ruwa zalla. Ɗiga shi kan ɗanyar hanta. In bai tafasa ba, ya mutu. Nemi sabo, ka sake ɗiga wa ƙwayoyin. In ya yi kumfa, zuba ƙwayoyin cikin ruwan jini. In jinin ya daskare, akasarin waɗannan cinye fenisilin suke yi. Na ba wani direba maganinsu ya kawo maka.

Allah ya ba ta lafiya,
Zadok

Jimeta, 16 ga Agusta

Malam,

Ina gaisuwa. Hantar ko motsi ba ta yi ba. Na samo sabuwar kwalba a kemis, na ɗiga wa ƙwayoyin, sai ga kumfa kamar sabulu. Jinin ma ya daskare. Ni na ɓata mata kwanakin nan da hannuna. Jiya ta ce mini, "Baban yarinya, tunda kai ka duba, hankalina a kwance yake." Maganin bai iso ba tukuna, an ce ruwa ya cinye hanya, motoci na tsaye a Biu.

Haladu

Jimeta, 22 ga Agusta

Malam,

Maganin ya iso Asabar. Mun binne Aminatu ranar Alhamis. Na miƙa wa likita maganin, akwai wani magini a kwance mai irin ƙwayoyin cutar. Jaririyar tana hannun Gogo, ƙanwar babana. Gobe zan koma aiki, don babu kowa a ɗakin gwajin sai ni.

Na gode.
Haladu