Sunayen da ke cikin waƙar Baba

Gure, daren Talata, tara ga watan Rajab

Yau wata tsohuwa ta zo daga Kelle neman Baba. Ta ce ɗanta Mamadu yana cikin masuntan da aka kashe a bakin tafki, kuma ta ji Baba ya sa sunansa a waƙa. Waƙar nan ce ta sa masu bindiga suka karya wa Baba yatsu, suka ƙone gurminsa, muka gudo nan.

"Malam, ko baiti ɗaya ka yi mini," in ji ta. "Ban ga gawarsa ba."

Shekara shida rabon da in ji Baba ya rera ta. Ya gyara zama, ya fara, muryar tana nan yadda na san ta. Ya jero suna huɗu, na huɗun Bukar, sai ya tsaya. Ya juyo gare ni, ya ce, "Fanna, wa ke bin Bukar?"

Ban sani ba. Ina ƙarama lokacin, kuma shi ya hana mu rera ta don tsoro.

Tsohuwar ta yi godiya, ta ce ba komai. Har tasha na raka ta.

Baba bai ci tuwo ba. Na ɗauko kaye, littafin rubutuna, na rubuta sunaye huɗun nan. Ya ce sun fi talatin, kuma babu wanda ya haddace su sai shi. Ya Allah, wa zan tambaya? Har yanzu ina jin sa ta bayan bango, yana ta komawa farkon waƙar.