Kilishin Ɗanmalam a Ƙarƙashin Tantabaru

Darrasa, Alƙahira

Zuwa ga ƙanena Uzairu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hanifa da yara, da fatan kuna lafiya. Ni da Huda ƙalau muke, karatunta yana tafiya. Gaisuwa ta ƙare, gyara zama.

Da hannu na rubuta wannan, na ɗauki hotonta na turo maka, domin idan na yi saƙon murya zan faɗi abin da bai kamata yara su ji ba.

Na tare a gidan da abokinka Mas'udu ya kama mini. Ka tuna abin da na nema: tsohon gida irin na fataken da, kanti a ƙasa, ɗakin kwana a sama, da rufi buɗaɗɗe inda zan shanya nama. Ban ajiye allin koyar da tarihi don in zo Masar in yi zaman kallon bango ba. Na zo in zauna kusa da 'yata Huda, in kuma tayar da sana'ar Baba, wadda kai ka guje wa don ba ka son hayaƙi. Allon kantin ma an rubuta: Kilishin Ɗanmalam. Sunan Baba, mutumin da bai taɓa barin ƙuda ya kwana a rumfarsa ba.

Daga waje gidan abin sha'awa ne. Dutse ne tsoho, taga ta katako mai sassaƙa, irin wadda na sha gani a littattafai. Daga ciki kuwa, wanda ya riga ni kayan tsami yake sayarwa, kuma tsamin ya shige bango ya ƙi fita. Matakala ta zama makewayin kyanwoyin unguwa. Na ɗaga murfin magudanar kicin, abin da ya fito yana gudu ba zan rubuta sunansa ba. Duk wannan na wanke, ni da Huda, har fatar hannunmu ta saɓule. Ban yi ƙorafi ba.

Sai na hau rufi.

Uzairu, hotunan da Mas'udu ya turo mana babu ƙarya a cikinsu. Fili ne mai faɗi, rana ta ko'ina. Sai dai lokacin da yake ɗaukarsu, bayansa na jingine da wata hasumiyar katako, mai tsawon bene guda, an shafe ta da koren fenti. Cikinta tantabaru ne, garke guda. Na wani dattijo ne, Ammu Hussain, wanda ya gaji hayar ɗakin rufin daga ubansa, irin tsohuwar hayar da suke gada a nan. Mai gidan ya ce shi kansa ba ya taɓa masa ko ƙusa. Kullum bayan la'asar yakan sake su su yi shawagi. Gashi yana sauka kamar auduga, wani abin kuma yana sauka wanda ba gashi ba.

Na kira Mas'udu. Ya zo da jallabiyarsa mai guga da carbi, ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar kamar yau aka gina ta, ya ce, "Ma'alish, a yi haƙuri, Hajiya, ai tsuntsaye ne masu albarka." Na ce, "Albarkar ce nake takawa tun daga bakin ƙofa?" Ya yi dariya. Shekarun da ya yi a garin nan yana karatu da dillancin gidaje, abin da ya koya sosai shi ne dariya a inda ya kamata ya ji kunya.

Ga abin da ya sa ban tattara na bar gidan ba. Wata baiwar Allah, Awadiyya, Bahaushiyar Sudan da ke unguwar Hayyin Ashir a nan Alƙahira, za ta aurar da ɗanta, ta ba ni aikin kilishin walima. Duk Hausawan garin nan za su je. A ranar za a san sunan Baba ko a binne shi. Mas'udu ya karɓi aikin buga mini ledoji masu sunan, wataƙila don ya wanke kansa.

Ka faɗa mini me ka gani a jikin mutumin nan har ka ce in damƙa masa amana.

Ka gaida Hanifa.

Yayarka,
Azara

*

Fagge, Kano

Zuwa ga Yaya Azara,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, Hanifa da yara suna gaishe ki, suna gaida Huda.

Yaya, na karanta, raina bai yi daɗi ba. Amma don Allah ki sassauta. Mas'udu yaron kirki ne, tare muka yi makarantar allo, kuma ya ce mini gida mai rufi a wannan unguwar ba ya samuwa da sauƙi. Kin san ki da zafi. Ƙasar mutane ce, a bi su a hankali.

Shawarata biyu ce. Ta farko, ki gaida dattijon nan, ki aika masa da ɗan abinci, maƙwabci ne. Ta biyu, tsuntsu ai tsuntsu ne ko a ina. Kin manta yadda muke korar jan-baki a gonar shinkafar Kawu a Kura? A ɗaura tsumma a gora, a tsaya ana kaɗawa, ana ihu. Ke ce ma kika fi kowa iyawa. Ki yi shanyarki, idan ya sake su ki tsaya da gorarki. Cikin kwana kaɗan za su gane wurin ba nasu ba ne.

Na aika miki tunkuza da citta da kanumfari ta hannun Alhaji Abakar mai kayan atamfa, jirginsa jibi ne.

Allah ya sa albarka a sana'ar Baba. Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Uzairu

*

Darrasa, Alƙahira

Uzairu,

Salama da gaisuwa gare ku duka. Kaya sun iso, na gode.

Na bi shawararka ta farko. Na aika wa Ammu Hussain da dambun nama a faranti. Su a nan ba sa mayar da faranti babu komai, sai ga shi ya dawo da tantabaru biyu an cusa musu shinkafa an gasa. Huda ta cinye. Ni na zauna ina kallonsu, ina tunanin wacce ce a cikinsu ta ɓata mini mayafi.

Na bi ta biyu kuma, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa.

Na sayi naman walima, cinya zalla. Na yanka shi falle-falle yadda Baba ya koya mini, har kana ganin haske ta cikinsa. Shanyar farko ta yi kyau da safe, tsuntsayen suna kulle. Na dama labu, haɗin tunkuza da yaji, na tsoma, na sake shimfiɗawa a kan gadajen kara, rufin ya cika fal. Labu yana son rana mai tsawo, la'asar ta riske ni bai gama bushewa ba. Dattijon ya hau hasumiyarsa ya buɗe. Suka tashi, suka yi sama sosai, suna kewaye can wajen hasumiyoyin masallatai. Da na bar su, da wataƙila abin ya tsaya a gashi.

Sai na ɗauko gorata, da jan zane ɗaure a kai. Na tsaya tsakiyar nama ina kaɗawa da iya ƙarfina, ina ihu kamar a Kura.

Uzairu, masu kiwon tantabara a garin nan da tuta suke magana da tsuntsayensu. Da ita suke juya su a sama, da ita suke kiransu gida. Tun suna 'yan shila aka koya musu cewa inda tsumma ke kaɗawa, nan abinci yake. Garken gaba ɗaya ya juyo ya yi kaina. Ina ƙara kaɗawa, suna ƙara sauka. Ammu Hussain yana can sama yana ihu, "Khalas ya Hagga, khalas!" ni kuma na ɗauka zagina yake, na ƙara himma, ashe cewa yake in daina. Har na maƙwabta suka biyo. Suka sauka a kan gadajen, a kan gyaɗar labu, suna tsattsaga, suna takawa, suna yin abin da tsuntsu yake yi idan ya ci.

Ba falle ɗaya da ya tsira. Fari da kore a kan jan yaji, yana naso cikin ɗanyen labu. Na koyar da yaƙe-yaƙe shekara da shekaru, ban taɓa ganin filin da ya tayar mini da zuciya kamar wannan ba. Dattijon ya sauko yana tafa hannu, idonsa da hawaye, ban sani ba na tausayi ne ko na dariya. Huda ce ta fassara mini bayaninsa. Ban ga laifinsa ba. Ban ga na tsuntsu ba ma.

Wanda ya sa na yi amai abokinka ne. Ya zo da ledojin da ya bugo, ya duba, ya shafa gemu, ya ce, "Hajiya, ai abin da sauƙi. A mazhabarmu, kashin abin da ake cin namansa mai tsarki ne. A kankare, a ƙara labu, a gasa. Wuta za ta gama sauran." Na ce, "Malam Mas'udu, babin da ka karanto na sani, na riga ka karanta shi. Cewa aka yi idan ya taɓa rigarka sallarka ta yi. Ba a ce ka shafa wa baƙin Awadiyya a nama ba." Ya ce almubazzaranci haramun ne. Na ce ya ɗauki falle ɗaya ya ci a gabana, in ga tsarkin. Ya ce yana azumin nafila.

Na kwashe duka na zuba a buhuna, na ce ya kai bola tunda ya zo da mota. Na kira Awadiyya na faɗa mata gaskiya. Ta ce Allah ya mayar da alheri, za ta nemi wani abin. Na fi son wannan amsar da a tafa mini a kan ƙazanta.

Zan sa a yi mini rumfar raga, in sake farawa. Kada ka ƙara ba ni shawara a kan tsuntsu.

Ka gaida gida.

Azara

*

Hayyin Ashir

Zuwa ga Mamanmu Hajiya Azara, Allah ya ƙara mata daraja,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Amma ba'ad, tunda kin daina ɗaukar wayata, na ga ya dace in rubuto.

Wallahi Hajiya ban yi nufin ɓata miki rai ba. Mas'ala ce ta ilimi na kawo, kuma saɓani a cikinta rahama ne. Maganar buhuna, ki kwantar da hankalinki, an yi da su abin da ya dace, babu abin da ya tozarta daga ni'imar Allah. Ledojin suna wurina a ajiye, amana. Komai tamam.

Ina neman afuwa da addu'arki.

Ɗanki,
Mas'udu

*

Fagge, Kano

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kin wuni lafiya. Yau farin ciki ne ya sa na rubuto.

Ashe kin shawo kan matsalar ba ki faɗa mini ba! Alhaji Abakar ya dawo, ya kawo mini leda biyu daga hannun Mas'udu, da sunan Baba a jiki da manyan baƙaƙe. Na daɗe ina kallon sunan kafin in buɗe. Wa zai ce za a kawo kilishi daga Masar zuwa Kano? Mun ci, ni da Hanifa da yara, har na kai wa liman ya sa albarka. Yajin ya ɗan yi yawa, amma hannun gidanmu ne, ba shakka.

Alhaji ya ce a Hayyin Ashir ɗalibai layi suke yi, ana ta cewa a ƙara. Ya ce har a walimar matar nan ta Sudan an raba, wai Mas'udu ya gaya mata kin yi sabo da gaggawa don kada ta ji kunya. Kin ga abin da nake faɗa miki a kan yaron nan? Kina fushi da shi, shi kuma yana can yana tallata ki.

Yanzu suna ya fita, Yaya. Ki riƙe shi da kyau.

Kowa yana gaishe ki.

Ƙanenki,
Uzairu

*

Darrasa, Alƙahira

Uzairu,

Ina gaishe ku. Ka zaunar da Hanifa kafin ka karanta mata.

Ban sake yanka ko falle ɗaya ba tun ranar. Abin da kuka ci, shi ne abin da na zuba a buhu.

Jiya na je Hayyin Ashir. Na fara da gidan Awadiyya, na faɗa mata a gaban surukanta, don kada ta ji a bakin wani. Ba ta ba ni wurin zama ba, kuma ta yi daidai. Daga nan na bi shagunan mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, da gidajen ɗalibai, ina cewa ledar tawa ce, sunan na ubana ne, ga kuma abin da ke ƙarƙashin yajin. Wani yaro ya fita da gudu ya riƙe baki. Wani ɗan kasuwa ya ce, "Hajiya, da kin yi shiru wa zai sani? Kin kashe kasuwarki da bakinki." Na ce ni na sani. Mas'udu bai buɗe ƙofa ba, takalmansa kuwa suna waje.

Yanzu duk wanda ya ji an ce Kilishin Ɗanmalam a garin nan, sai ya yamutsa fuska. Huda ta ce in sauke allon in sa wani suna. Ba zan sauke ba. An gama rumfar raga, na sayi nama, ranar Asabar zan buɗe kanti, kuma duk mai so ya hau rufi ya ga shanyar da idonsa. Ban san ko mutum ɗaya zai shigo ba.

Liman kuma kai ka kai masa, kai za ka je ka faɗa masa.

Ku huta lafiya.

Yayarka,
Azara