Ƙahon Mai Kifi a Kaset ɗin Ilhaam

Muizenberg,
9 ga Maris, 2004

Zuwa ga Yayana Riedewaan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, kai da 'yata Tasneem, ya kuma sauƙaƙa muku zaman Auckland. Mu nan lafiya lau. Mama ta samu sauƙin gwiwa, har ta koma zaman baranda tana yi wa masu hawan igiyar ruwa faɗa wai ba su da aikin yi. Shafiek mai gangarmu ya yi aure ya ajiye tumbi, amma har yau wandonsa a yage yake da gangan. Yara sababbi sun cika garejin unguwa da jita, kowa ya tara gashi yana rantsuwa ba zai taɓa sayar da kansa ga kamfani ba, kamar su suka fara faɗa.

Takardarka ta iso mako uku da suka wuce, na yi ta juya ta na kasa amsawa. Ka ce Tasneem ta cika sha ɗaya, ta fara rera waƙa tana wanke-wanke, har ta tambaye ka ko muryarta irin ta mahaifiyarta ce. Ka ce in aiko da kaset ɗin waƙar ƙarshe da matarka marigayiya Ilhaam ta yi, yarinya ta ji da kunnenta. Yaya, babu waƙar. Ni na goge ta da hannuna shekara tara ke nan, na kuma bar ka kana zaton tana cikin akwatina.

Ka tuna yadda muke, mu huɗu a garejin Baba duk Lahadi bayan azahar, bango manne da kwalin ƙwai, gishirin teku yana cinye mana wayoyin jita. Ba kamfani, ba gidan rediyo, bangon kaset ma da hannu muke zanawa. Kai ka kafa dokar cewa ba a kwafar waƙa sai dukanmu mun yarda, wadda ba a yarda da ita ba kuwa a hau kanta da sabuwar ɗauka. Rikodar kuka damƙa mini, wai ni ce mai kunne. Wannan yabon shi ya kumbura mini kai.

Ranar da Ilhaam ta yi waƙar nan da ta tsara wa Tasneem, ban taɓa jin muryarta haka ba. Sai ana gab da ƙarewa mai kifin snoek ya tsaya da motarsa a bakin ƙofa ya busa ƙahonsa na kiran masu saye, har sau uku. Na cire abin kunne na wurgar, na ce aiki ya ɓaci. Shafiek ya ce, “Haba Hajiyar kunne, wa zai lura? Mutum goma sha biyu ne fa ke sauraronmu a duniya, biyar daga ciki danginmu ne.” Ilhaam tana dariya ta tsokane ni da ƙanwar miji mai wuyar sha'ani, ta ce wannan ɗaukar ta yi mata. Kai kuma ka ce a bari sai Lahadi a sake saurara da sanyin rai.

Ban jira Lahadi ba. Washegari da hantsi kuna wurin aiki na shiga gareji, na ce ai ban yarda ba, doka tana bayana. Na mayar da kaset baya na hau kansa da jitata, wai ina shirya mata shimfiɗa mai tsabta ta zo ta sake rerawa. A makon nan ta fara cewa maƙogwaronta yana ciwo. Sauran ka fi ni sani. Ba ta sake tsayawa gaban makirfo ba. Ranar da zan kai ta asibiti ta ce mini, “Kashiefa, ki adana mini waƙar yarinyar nan, kar gishiri ya ci.” Na ce to. Wallahi Yaya, wannan to ɗin ya fi gogewar ci mini rai.

Jiya da safe na yi ƙarfin hali na saka kaset ɗin, karo na farko tun rasuwarta. Na zauna na sha jitata minti huɗu, tsaf da ita ba ƙura, ba kuma abin da take faɗa wa kowa. Ashe na tsayar da ɗaukar da wuri. Jitar tana yankewa sai ga tsohon aikin a ƙasa, abin da bai wuce numfashi goma ba: ƙahon mai kifi, ƙarar teku, sai Ilhaam ta ja kalmar ƙarshe ta waƙar ta fashe da dariya. Ta ce, “Bar shi mana, Kashiefa, shi ma ɗan garin nan ne.” Sannan aka ji Tasneem tana gwaranci, uwar ta ce, “Zo nan, uwata, zo.” Shi ke nan.

Na kai wa Shafiek ya ji, ya fita waje ya daɗe, da ya dawo ya ce shi ya yarda a kwafa. Ni ma na yarda. Ilhaam tun ranar ta yarda. Saura kai, shi ya sa ban kwafa ba, na sako maka ainihin kaset ɗin cikin wannan ƙunshi. Ka fara saurara kai kaɗai kafin ka ba yarinya. In ta tambayi wanda ya rufe waƙar uwarta da jita, kar ka rufa mini asiri, ka ce gwaggonta ce. In ka iya yafe mini, ka yafe, in ba yanzu ba zan jira, na koyi jira a makare.

Mama tana gaishe ku, ta ce ka daina aiko hoto ka zo da kanka. Shafiek da amaryarsa Gadija suna gaisuwa. Ka shafa mini kan Tasneem, ka gaya mata dariyar da za ta ji bayan ƙahon, irin tata ce sak. Allah ya jiƙan Ilhaam, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Kashiefa