Satar Rubutun Baba

Gobarau, Katsina
4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Sada,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Ma'u da yara. Yaya zafin Lakwaja? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana fita zaure.

Yaya, an yi mani sata. Ka san shafin intanet da na buɗe, inda nake rubuta abin da Baba ya sani na ginin ƙasa, tun daga kwaɓin tubali har shafen bango da makuba. Shekara biyu ina zaune gabanshi ina naɗar maganarshi a waya. To wani Nasiru na Ƙofar Kaura, mai kiran kanshi masanin gine-ginen gargajiya, ya kwashe rubutu goma sha ɗaya ya liƙa a nashi shafin da sunanshi. Hotunan hannun Baba ma ya yanke sunana daga gindinsu.

Don tsabar ƙyuya ko karantawa bai yi ba. Akwai inda na ce mijina ya kai ni Daura ganin wani tsohon soro. Haka ya bar shi, ƙato da gemu yana da miji.

Na rubuta mashi cikin ladabi ya sauke, ko ya sa sunan Baba. Sai ya toshe ni.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Bara'atu

Gobarau, Katsina
27 ga Afrilu

Yaya Sada,

Ina gaisuwa, da fatan ciwon idon ɗanka Sadiq ya warke. Baba yana sa maku albarka.

Masanin namu ya zo gida. Ashe an gayyace shi gabatar da takarda a wani taron magina, sai wata ɗaliba da ta taɓa neman izinina ta yi amfani da rubutun, na kuma ba ta, ta nuna wa masu taron shafina. Suka ce sai ya kawo shaidar izini.

Ya iso cikin farar shadda, da goro, da wata takardar izini da yake so in sa wa hannu. Kwanan watan da ke kanta na bara ne. Ko kunya a idonshi babu, har yana kirana Hajiya.

Baba ya saurare shi har ƙarshe. Ya ce shi bai taɓa ɓoye sana'arshi ba, da an tambaya da an samu. Sannan ya sa aka kawo kwaɓaɓɓiyar ƙasa a daro, ya ce masani ya mulmula tubali guda ɗaya. In tubalin ya tsaya da gindinshi, zan sa hannu a sabuwar takarda mai kwanan watan yau.

Nasiru ya dubi ƙasar, ya dubi shaddarshi, ya ce akwai inda ake jiranshi amma zai dawo.

Yau kwana tara. An yi taron jiya, Baba suka aiko wa mota.

Taka har kullum,
Bara'atu