Randar da Inna ke hana taɓawa

Daren Laraba, a Maruta.

Ruwan sama ya cinye hanyarmu, ba motar da ke shigowa. Rijiya ma ruwan kwata ya cika ta. Da yamma surukata Inna ta buɗe randar nan da take hana kowa taɓawa, wadda take sake wa ruwa duk Juma'a. Ruwa fes. Da shi na tuƙa tuwo, na kaɗa kuɓewar da ta shanya tun kaka.

Maƙwabciyarmu Ladi ta shigo da goyo, da bokiti a hannu, tana jin nauyin roƙon ruwa. Inna ta ce, "Miƙo bokitin, 'yata. Dama don irin yau nake ajiyewa."

Alhamdu lillahi, yarana sun kwanta a ƙoshe. Ranar da hanya ta buɗe, randa zan fara saya.